Ƙidayar Wake

Hannun da ya shekara arba'in yana huda jar fata
a Shiyar Madunka,
yau an ajiye masa kwano biyu,
ɗaya da wake, ɗaya wayam.
"Baba Labbo, ɗauki nan ka zuba can."
Malama Hajaru ta danna agogo.

Yana alwalar azahar abin ya same shi.
Buta ta suɓuce, baki ya karkace,
ya kira sunana, sunan ya fito a jiƙe.
Maƙwabta suka ce iska ce ta buge shi,
wannan ya kawo hayaƙi, wancan ya kawo saiwa.
Sai da muka kwana uku muka nemi mota.
Kwana ukun nan har yau da ni suke kwana.

Ta karanta mana takarda kafin a fara.
Ta ce, "Bincike ne, ban ɗaukar muku alkawari.
Ba mu sani ba, shi ya sa muke ƙirgawa."
Baba ya dangwala da yatsan hagu,
ya daɗe yana kallon tawadar.

Makon farko, wake huɗu.
Na biyar ya kuɓuce, ya gangara ƙarƙashin gado,
ba a sa shi a lissafi ba.

Sai suka sa wa lafiyayyen hannun safa, suka ɗaure,
wai ya cika karambani,
yana yi wa ɗan'uwansa aiki, yana hana shi koyo.
Baba ya ce, "Mi wanga yay yi?
Shi da bai yi laihi ba shi aka ɗamrewa?"
Ɗakin ya ɗauki dariya,
shi ma rabin fuskarsa ta yi.

Na tambaye ta abin da wake zai yi wa jijiya.
Ta ce, "Kin san Kwalkwalawa da damina?
In gulbi ya cinye hanya ba a fasa cin kasuwa.
Wani ya ratsa ta ciyawa, wani ya bi sawunsa,
tun ana tuntuɓe har turba ta fito.
Haka kai yake yi, in an yi ta aikensa.
Abin da muke nema: sau nawa? Kuma wa yake yi wa?"

Ba kowa ba.
Ga Modi a gadon gefe, ɗan kabu-kabu,
tirela ta goge shi a hanyar Dange, laka ta taɓu.
Ana shafa masa auduga a ƙafa, a ɗosana tsinke:
"Ka ji nan?"
"A'a."
"Nan fa?"
Ya yi shiru, yana sauraron jikinsa
kamar mai jiran sallama a ƙofar gidan da aka tashi.
"A'a."
Ta rubuta. Har a'a tana da gurbi a littafinta.
Da la'asar shi ke koya wa sabon zuwa
yadda ake juya keke a ƙuntataccen lungu.

Talata da Alhamis, Talata da Alhamis.
Kuɗin mota ya ci tunkiyar Inna.
Zafin bazara ya sa waken kansa gumi.
Tara. Bakwai. Bakwai kuma.
Ranar da ya koma shida bai ce wa kowa uffan ba
har muka wuce Gawon Nama.

Mako na sha ɗaya, sha bakwai.

Daren jiya, wuta ta ɗauke, muna tsakar gida,
ya ce in miƙo masa basilla
da guntun fatar da ke rataye tun bara.
Na haska masa da waya.
Yatsun suna rawa, suna lalube,
kamar baƙi a unguwar da aka haife su.
Ya huda ɗaya.
A karkace, ba inda ya nufa ba.
Ya ɗaga ta ya leƙa ta cikin hudar,
ya ce, "Yaro ma ya fi wanga."
Amma bai ba ni basillar ba.

Ban san a wane layi Hajaru za ta sa wannan ba.
Alhamis zan kai mata fatar.