Dafa Ƙasa

Shekara talatin ina dafa almakashi da allura
a asibitin Tudun Wada,
ban taɓa zaton wata rana zan dafa ƙasa ba.

Ɗakina a bene yake, a Barnawa,
ba tsakar gida, ba fili ko na tafin hannu.
Gonata taga ce:
gwangwanin madara bakwai,
na'a-na'a, ɗoɗɗoya, attaruhu biyu.

Bara na ɗebo ƙasa a bakin kogi, ƙarƙashin gada,
baƙa wuluk, tana murmushewa a hannu.
Ashe da baƙi na dawo.
Sati uku, ƙananan ƙudaje suka tashi
suna faɗa mini a shayi,
tsutsa na cin saiwa ba sallama,
ganye ya sunkuyar da kai
kamar marar lafiya a layin karɓar kati.

Bana na yi hankali.
Na tankaɗe ta, na yayyafa ruwa,
na juye a tsohuwar tukunyar biki,
na rufe, na ɗora a kan gawayi.
Rabin awa tururi yana ratsa ta.
Warin ya cika bene,
rabi ruwan farko, rabi ƙauri.

Tasalla ta leƙo daga ƙofarta:
"Sista, tsadar shinkafar har ta kai haka?"
Na ce, "Shigo ki zauna, saura gishiri."

Abin da ban gaya mata ba:
wajen tankaɗe na tsinci tana guda,
tana murɗawa a cikin rariya,
ita da ba ta taɓa cin ganyen kowa ba,
aikinta kawai buɗe wa saiwa hanya.
Wuta kuwa ba ta duba kati,
ba ta tambayar wa ya yi laifi.
Na sa ta a murfin kwalba,
na sauka matakala ashirin da biyu, gwiwata tana ƙara,
na ajiye ta a gindin mangwaron masallaci.
Sauran da idona bai gani ba,
Allah ya yafe mini.

Ƙasar ta kwana tana hucewa a faranti.
Da asuba na taɓa ta:
tsaf, shiru,
kamar gadon da aka sauya wa zani.

Na huda da ɗan yatsa,
na saka iri uku, na rufe.
Yanzu sai jira,
aikin da na fi iyawa tun ina aikin dare.