Girman Kai

Tun asuba ruwa ke dukan kwanon rumfa,
irin ruwan Dudley, ba fushi, ba gaggawa.
Na buɗe garejin Baba karon farko tun da muka binne shi.
Warin baƙin mai bai san an yi rasuwa ba.

Ga Mini ɗinsa, koriya, ta durƙusa a kan jak,
ga kofin shayinsa da zoben tsatsa a gindi,
ga sifana mai lamba rabin inci
a inda hannunsa ya gaji ya ajiye ta.

Ƙarfe goma Ossie Pardoe ya turo ƙofa,
hula a jiƙe, gwiwa na ƙara kamar gambu.
Shekara arba'in, kowace Lahadi,
nan suke zama, shi da Baba, su ɗora musu a wuta.

Baba ya ce: ɗari tara da casa'in da takwas ta ishi mai hankali.
Ƙaramin goro ya fi babban dutse.
Ba ta kai madaidaici, ka goge mata hanyar iska,
ka ji yadda take waƙa in ta hau tudu.

Ossie ya ce: Cyril, bar yaudarar kanka.
Dubu da ɗari biyu da saba'in da biyar, nan ƙarfi yake.
Faɗin silinda ba ya ƙarya,
bawul babba, numfashi babba,
naka injin keken ɗinki ne da aka sa wa taya.

Ina ƙarama, a kan galan nake zaune ina jinsu.
A nan na koyi aunawa kafin na iya ɗaurin takalmi:
a kife kan injin, a shafa giris a gefe,
a ɗora gilashi mai huda ɗaya,
a ɗiga kananzir da sirinji, ɗigo, ɗigo,
har kumfar ƙarshe ta fice.
Baba ya rubuta lambar a bangon kwali
ya ce, Glenys, abin da ba ki auna ba, ji kika yi.

Yau gaskit ya ƙone, dole a buɗe.
Na kwance notin ɗaya bayan ɗaya,
daga gefe zuwa tsakiya, yadda ya koya mini.
Ossie ya riƙe fitila. Hannunsa na rawa.
Na ɗaga kan, na juya shi.

Bawul ɗin sun yi girma.
Na goge lambar da tsumma, na sake dubawa.
Kan babban injin ne, zaune bisa ƙarami!
A leɓen kowace silinda ga 'yar rama da aka sassaƙa
don kada bawul ya daki ƙarfe in ya sauko.
Aiki mai tsabta. Tsohon aiki.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na dubi Ossie. Ya dubi ruwan sama.
Ni na sassaƙa masa, ya ce,
shekarar da aka haife ki, cikin dare.
Ya sa na rantse.

To musun fa? Shekara arba'in?

Ya cire hular, ya matse ta, ya mayar.
Da ya yarda na ci, in ji shi,
me zai kawo ni ranar Lahadi?

Na kife kan a bisa benci.
Na nemo gilashin, yana nan a bayan gwangwanin kusoshi.
Ossie ya jawo kujerar Baba, ya yi jim, ya zauna a tasa.
Kananzir ya fara ɗiga.
Na ce, ni dai har gobe ƙaramin ya fi daɗin tuƙi.
Ya gyara zama, ya share maƙogwaro,
ya ce, yarinya, ba ki san injin ba.
Ɗora buta.