Ruwan da Ya Kwana

Famfon gidanmu a Malali ya yi tari sau uku,
ya tofar da iska, sannan ya kawo ruwa
ja-ja-ja, mai warin asibiti.
Barira ta ruga da kofi wajen kifayenta.
Na ce, dakata.

Bara ma gaggawar nan muka yi.
Da asuba muka tarar da bakwai
ciki sama, kamar ganyen darbejiya.
Maganin da ke tsare mu daga cuta
shi ya ƙone musu numfashi.

Yanzu sai in yanke gindin gorar roba, in kife ta:
auduga a wuya, wankakken gawayi,
yashin da muka ɗebo a bakin kogi wajen Kabala.
Ruwa na sauka ɗigo-ɗigo
kamar kuɗin fanshona.

Ya taru a shuɗin bokiti, ba murfi.
Ya kwana, ya sake kwana,
warin ya fice ta taga ba sallama.
Barira na sa hanci kowace safiya:
Kaka, ya huce?

Rana ta uku in tsoma yatsa nan, in tsoma can,
in ji sanyinsu ya zo ɗaya.
Rubu'i kawai nake canjawa, tsohon ruwan ya san su.

Ɗan jan nan mai yagaggiyar wutsiya
ya matso jikin gilashi, ya buɗe baki, ya rufe.
Ta ce godiya yake yi.
Ni dai na sunkuci bokiti,
famfon ya fara tari kuma.