Tubalin Bakin Gulbi

Ina ɗan shekara bakwai
Baba Dogari ya ɗora mini tubali biyu a ka,
ko gama bushewa ba su yi ba,
daga bakin Gulbi zuwa Bagalam.
Ban kai gindin gawo ba na yi tuntuɓe.
Na runtse ido ina jiran mari.

Ya tsuguna, ya tattara ɓaraguzan,
ya yayyafa ruwa, ya sake cuɗawa.
Ya ce, "Laka ce.
Kuma na san kan da na ɗora wa."

Yau Lahadi, ina bencin baya a majami'a,
furfura ta fara cin gemu.
Jiya na sake yi wa Rifkatu ƙarya kan jaka biyar,
ni da na yi alkawari tun Ista.
Ana miƙo gurasa, hannuna ya ƙi tashi.

Ya Uba, kai ka cuɗa ni,
ka san inda ban bushe ba.
Ko Ɗanka, sai da wani ya kama masa gicciye a hanya.

To, ga ɓaraguzan.
Na buɗe tafi.
In an tashi zan same ta bakin murhu,
in faɗa mata inda kuɗin suka shiga.