Kuɗin Shayi

Asabar ɗin ƙarshen wata, ruwa na dukan kwano a Farin Gada.
Mu bakwai ne a tebur mai gajeruwar ƙafa,
an tokare ta da tsohon littafin rasit.
Biyar don Allah suke zuwa, ba ko sisi.
Biyu albashi muke ci, ran da ya samu:
ni da Kachollom, mai kwana da wayar gidan a ƙarƙashin matashi.

Hajiya Turai ce shugaba.
Shekara talatin ta yi tana karɓar haihuwa,
har yau sai ta naɗe hannun riga take buɗe taro.
Ma'aji kuwa Malam Dakup, tsohon malamin lissafi,
jan biro a aljihu kamar bai bar aji ba.
Ya bi layi da yatsa:
haya, man janareto, kwaɗon ƙofar baya,
sai ya tsaya.
"Ganye, sukari, madara, dubu goma sha takwas.
Mafaka muka buɗe ko teburin mai shayi?"

Aka yi dariya. Ni ban yi ba.
Na so in ce, Malam,
matar da ta iso ƙarfe biyun dare
da takalmi ɗaya da goyo a baya
ba da magana take farawa ba.
Ka ce me ya faru, ta ce ƙofa ce ta buge ta.
Amma ɗora mata kofi mai zafi a tafin hannu,
juya baya kamar mai neman cokali:
kafin ya huce za ka ji sunan ƙofar.

Abin da ya fito bakina: "Sanyin Jos ne, Malam."
Kachollom ta take min ƙafa.

Ban ga baƙinsa ba.
Masu tallafi lamba suke so,
mata nawa, kwana nawa, ƙara nawa ta kai kotu.
Ba gurbi a takardarsu da za a cike
"jiya ta yi barci har asuba."
Uku suka ɗaga hannu, biyu suka naɗe nasu.
A rage rabi.
Ma'aikaci na da baki a taron, ba shi da ƙuri'a,
ni ce ma na rubuta, da kyakkyawan rubutu.

Daren Laraba waya ta yi ƙara daga Bukuru.
Juyin mota ya faɗo kansa.
Ya zo da tsohuwar fijo, rigar sanyi a kan kayan barci,
ya kai mu, ya dawo da mu, bai dubi madubi ba ko sau ɗaya.
Namiji ba ya wuce baranda, dokar da shi ya sa wa hannu,
sai ya tsaya nan, feshi na jiƙa masa ƙafa.
Ta taga ban san me ya gani ba.
Wataƙila ni, ina kankare gindin gwangwani.
Wataƙila hannu biyu da suka daina rawa
sa'ad da suka sami abin riƙewa.

Ran Juma'a maigadi ya shigo da kwali, ba suna.
Ganye, sukari, madara gwangwani shida.
A ƙasa rasit ɗin mai kanti,
an gyara masa jimla da jan biro:
ya yi ƙarin naira hamsin.

Da wata ya zagayo,
Hajiya ta naɗe hannun riga ta ce,
"Akwai gyara a bayanin zaman da ya wuce?"
"Babu," in ji Malam Dakup,
yana juya kofi a tafin hannu.
Ya hura, ya kurɓa,
sannan ya zare biro
ya dira a kan man janareto.