Minti Uku

Shekara goma sha ɗaya ina canji a Tinubu,
yatsana ya san jabu tun ba a ware ƙunshi ba,
amma ranar da na tsaya gaban tiren Ganiyu,
ƙarƙashin gadar Idumota,
sai na koma baƙo a garin da na yi furfura.

Agogo biyu ya kwance daga tsumma.
Ɗaya fari fat, yana harbin ido,
kamar yau aka sauke shi daga jirgi a Apapa.
Ɗayan fuskarsa ta yi launin shayin da ya kwana,
gilashi da zane, maɗauri ya sha gumin wani.
Ya rantse duk sun girme ni.
Zuciyata ta riga ta ɗaura farin a hannu.

Ilu, maƙwabcina a benci, ya taka mini ƙafa:
"Kai da ba ka karɓar dala sai ka ɗaga ta a rana,
yau za ka yi cinikin biri a sama?"

Muka bar lasin ɗina jingina,
muka ratsa tsakanin danfo da masu dako,
ruwan kwata yana bin ƙafar wando,
har rumfar Baba Lamidi,
rumfar da ba ta fi tabarmar salla ba,
agogo talatin a bango, kowanne da nasa lokacin.
Hausarsa ta Zariya ce, ta zamanin reluwe,
gishirinta na Ikko.

Ya maƙala madubi a ido ɗaya.
Bai dubi sunan da ke fuska ba,
baya ya juya, ya sa wuƙa, murfi ya ce ƙyas.
Ya daɗe shiru.
"Kan rago ne," in ji shi, "gangar akuya.
Dubi harufan, sun yi ƙiba, fenti bai shekara ba.
Hanjin nan da roba aka tokare shi don kada ya yi rawa.
Wanda ya haɗa gwani ne. Allah ya shirye shi."

Kunya ta kama ni kamar ni na ƙera.

Ya buɗe tsohon.
Ciki ja-ja-ja kamar sabon tagulla,
wata 'yar ƙafa tana kai da komo, ba ta gajiya,
lambar ciki ta amsa ta murfi,
sukurori ba wanda aka ci wa baki.
Ya kara mini a kunne,
duk hayaniyar Legas ta ja da baya taku ɗaya.

A bayan murfin an sassaƙa harafi biyu,
da shekarar da mahaifiyata take goye.
Wane ne? Akawu? Direban jirgin ƙasa?
Wace rana ce ta sa magadansa suka rabu da shi?
Baba ya ce wannan ba ya cikin aikinsa.
"Amma ka sani, zai riƙa makara minti uku kullum.
Kowa ya sayi rariya..."
Na ce na san sauran.

Ganiyu ya yi sallama da kuɗin babur,
na taya kuɗin keke,
muka yi ta ja har la'asar ta shige,
na tafi, ya kira ni, na sake tafiya.
A ƙarshe na biya abin da ban gaya wa Ilu ba,
ban kuma rubuta a littafi ba.
Farin ya mayar cikin tsumma, yana jiran wani.

Yanzu bayan asuba nakan wana shi,
sau ashirin, a hankali, in ya yi tauri in tsaya.
In tura masa minti ukun da ya bari jiya,
kamar yadda ake jiran dattijo a bakin titi.
Yara a benci suna dariya, waya ta fi shi gaskiya.
Haka ne.
Sai dai garin da ke cinye mini awa biyu
tsakanin Agege da Obalende,
bai taɓa zuwa ya ce ga canjina ba.
Wannan kuwa uku yake ci,
kuma tun ranar farko aka faɗa mini.