Jiniyar Kakuri

Kafin masaƙa, in ji kakata Ladidi,
nan gonar dawa ce da 'yan bukkokin Gbagyi,
sai layin dogo, sai kogi can ƙasa yana kiwon kadojinsa.

Sai bututu ya tsiro, ya kere rimi,
jiniya ta ƙwace wa zakara aikinsa.
Mutane suka zubo daga Zonkwa, daga Gboko, daga Daura,
kowa da akwatin kwano da harshen uwarsa,
famfo ɗaya, layi ɗaya ranar albashi.

Babana Tanimu, shekara ashirin da shida a gaban inji.
Yakan dawo da furfurar aro,
auduga a gira, auduga a gashin baki,
Inna ta karkaɗe masa tsufan da tsumma,
ya koma saurayi kafin a kwashe tuwo.
Ƙarar inji ta cinye masa kunnen hagu.
Shi da Terna da leɓe suke hira,
ko a taron suna, nesa da nesa,
sai ka ga sun tuntsire da dariya.

Mu yara, lambatu ne jaridarmu:
in ya zo shuɗi, mun san abin da ake rinawa,
in ya zo ja, mu ce Kirsimeti ta kusa.

Ranar da jiniya ta yi shiru
ba wanda ya ce ta mutu.
An ce gyara. An ce wata uku. An ce baƙin mai.
Kwaɗo ya yi tsatsa a ƙofa,
cediya ta fasa rufin ɗakin rini,
Maman Kyauta mai alala ta kife tukwanenta.
Kekunan da ke cika titi da asuba,
ban san inda suka shige ba.

Baba ya jira kuɗin sallama,
katin aiki a aljihun gaba, kullum a goge,
har sallamar da ba a bi mata layi ta riga isowa.

Na miƙe zan sayo likkafani,
na san abin da zan tarar: yadin da ya ƙetaro teku.
Inna ta ce, zauna.
Ta tono ƙasan adaka, ta ciro farin alawayyo,
rabon ƙarshen shekara.
"Saƙarsa ce, ko ta Terna, oho, duk ɗaya."
A ciki muka naɗe shi.

Yanzu Keke nake ja ta gindin katangar.
Baƙo kan tambaya, nan ina ne?
In ce, masaƙa.
Bakina bai iya ƙara "a da" ba.